Faratan Umma Sun Koma Shuɗi

Daga gida,
4 ga Fabrairu.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya fama da ruwa? Ni ce Balbela. Tunda wayarka ta faɗa teku ba ka sayi wata ba, dole na koma biro da takarda, sai ka yi haƙuri da rubutuna irin na tafiyar kaza.

Na san Baffa Direba ya gaya maka ciwon Umma kafin jirginku ya tashi. Yau kwananmu tara da dawowa daga asibiti. Ɓarin dama ne ya shanye. Ƙafar da sauƙi, tana dafa bango ta kai kanta banɗaki. Magana ma tana fita, sai dai da nauyi. Hannun ne dai shiru. Yana nan kan cinyarta kamar na wani aka ba ta ajiya.

Malamar gashi, wato ma'aikaciyar asibitin da ke koya mata motsa jiki, ta ba mu ƙwallon roba ta ce ta riƙa matsawa safe da yamma. Kawu, ran nan da hannun hagu Umma ta wurga ƙwallon ƙarƙashin gado. Na zaro da tsintsiya, ta sake wurgawa. Yanzu tawul take rufa wa hannun. Matan da ta karɓi haihuwarsu suna ta zuwa dubiya, da ta ji sallama sai ta juya bango ta yi kamar barci take. Jiya ina ba ta abinci ta ce, "Shekara talatin ina unguwarzoma. Hannun da ya karɓi rabin 'ya'yan unguwar nan, yau cokali ya gagare shi." Daga nan ta ture kwanon.

Na ɗauki hutu a shagon magani, mai shagon ya ce in zauna har ta samu sauƙi. Ba na kukan gajiya. Abin da ke damuna, likita ya ce watannin farkon nan su ne na dawowar hannu, in aka bari suka wuce sai yadda Allah ya yi. Na yi lallashi har bakina ya gaji. Kai ka san yayarka fiye da ni, ka gaya mini ta ina ake kama ta.

'Yarka,
Balbela

*

Daga cikin jirgi,
27 ga Fabrairu.

Balbela 'yata,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, sai kafaɗa da ke ɗan taɓa ni in na wuni a kan tsani. Wasiƙarki ta same ni shekaranjiya. Ki sani, ofishin kamfani ake tara mana wasiƙu, sai su aika tashar da suke zaton za mu tsaya. Wani lokaci ta baya kan riga ta gaba, don haka in kin ji ni shiru ba mantuwa ba ce.

Na karanta na zauna a kan gwangwanin fenti na kasa tashi. Wannan hannun shi ya raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Shi ya cire mini ƙusa a tafin ƙafa ina ɗan shekara takwas, shi kuma ya ba ni rankwashi don na yi kuka. Kafin a ci abinci sai mun jera mun nuna mata farce, wanda ta ga datti a nasa ya koma rijiya. Nata kuwa kullum a yanke har nama, wai mai karɓar jariri ba ta da hurumin tara farce.

Kin ce ta ina ake kama ta. To ki daina lallashi. Yaya ba ta jin lallashi, gardama take ji. In kina so ta tashi, ki yi wani abu ba daidai ba a gabanta, wallahi ko a kan gadon mutuwa take sai ta gyara miki.

Saura wata bakwai kwantiragina ya ƙare. Na nemi su sake ni kafin nan, suka ce sai an samu wani mai fentin. Jirgi kuwa ba a gama masa fenti, kafin ka kai baya gaba ya sake tsatsa. Ki gaya wa Yaya inda muke yanzu ruwan shuɗi ne irin wanda ban taɓa samu a gwangwani ba. Kusa da jirgi yana da haske, can nesa ya yi duhu kamar zai koma baƙi. Kullum takan ce ƙarya nake yi, ruwa ba shi da launi.

Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya ba ki lada.

Kawunki mai fenti

*

Daga gida,
15 ga Maris.

Kawu,

Barka da aiki, ya kafaɗar? Mu nan alhamdulillahi. Ka gyara zama, yau labarin da tsawo.

Ka san tun ina makaranta nake son zanen farce, ka kuma san sau nawa Umma ta zubar mini da kwalaben jan farce a shara. Da na karanta shawararka sai na ɗauko 'yar jakata, na shimfiɗa jarida a bakin tagar ɗakinta, na zauna ina yi wa kaina. Da gangan na ja wani farin layi a karkace. Ban kai farce na uku ba na ji daga kan gado, "Wannan layin a karkace yake." Kwana huɗu rabonta da haɗa jimla guda! Na ce, "A miƙe yake, Umma." Ta ce, "Ni za ki gaya wa miƙe? Na ɗinke mata fiye da gashin kanki."

Kwana uku muna haka. Ni zane, ita suka. Wai ja ya yi yawa, wai furen ya yi kama da ƙwan da aka taka. A rana ta huɗu na ce hannuna na hagu ba ya zana na dama da kyau, da zan samu hannun wani da na nuna mata iyakata. Can sai ta janye tawul, ta ɗago hannun dama da na hagu ta ajiye a kan filo. Ta ce, "Ga wannan, tunda ba shi da aikin yi." Na sunkuyar da kai kamar ina neman buroshi, don kar ta ga idona.

Na wanke shi da ruwan ɗumi, na shafa mai, na tura fatar gindin faratan a hankali. Har na buɗe kwalba ta ce, "Alwala fa? Ruwa ba ya ratsa wannan abin." Gaskiyarta. Shi ya sa na sayo faratan roba, irin waɗanda ake mannawa da ɗan gam mai laushi a cire lokacin da aka so. Ina yanke su gajeru daidai nata, in yi zanen a kan kwali, in manna mata, sannan in bi da ruwan ƙyalli na ƙarshe.

Kayan aikina ba wasu ba ne. Tsinken sakace da kan allura na ɗigo, soson wanke-wanke na haɗa launi biyu su shiga juna, salatef na jan layi. Buroshin kuwa na kwalliyar ido ne na aske shi da reza har ya rage 'yan gashi biyar.

Yanzu ga dabarar. Na ce hannu ɗaya da ado ɗaya babu, ai kamar takalmi wari guda ne, sai na manna mata har na hagu. Lokacin salla ya yi. Na dama ta ciccire su da hagu cikin sauƙi. Na hagun fa, wa zai cire? Ta ƙwala mini kira, na ce mai na ɗora a wuta. Ta sa haƙori. Na leƙo na ce, "Haba Umma, minti arba'in na yi ina wannan zanen, ki kankare shi da haƙori?" Ta zage ni tas, na zo na cire mata.

Washegari na laɓe a bayan labule. Kawu, ta ɗora hannun hagu a kan na dama, ta zuba wa babban yatsan nan ido kamar mai yi masa faɗa. Gumi har wuya. Kusan kwata na awa, sai yatsan ya motsa, ya tura, farce ɗaya ya ɓalle ya faɗi kan zani. Ta waiwaya ko wani ya gani. Na koma kicin da sanɗa na toshe baki da tsumma.

Yanzu sau biyar a rana take wannan aikin, ba ta kuma san sunansa motsa jiki ba. Malamar gashi da ta ji ta riƙe haɓa, ta ce mu ci gaba, amma kar mu bar zuwa asibiti.

Ga farce ɗaya nan na naɗe maka a auduga, zanen jikin zabuwa ne. Shi ne wanda ta fara cirewa da kanta.

'Yarka,
Balbela

*

Daga gida,
24 ga Maris.

Kawu,

Gaisuwa a gurguje, maƙwabciyarmu za ta bi ta gidan waya tana tsaye a bakin ƙofa. Muna lafiya.

Albishirinka! Yau faratan Umma duk goma sun koma shuɗi, can gindi kuma sun yi duhu kamar za su koma baƙi. Ina kallonsu ina tuna ka. Da rana biyu suka fita da kansu, ɗaya ma cikin kofin shayinta ya faɗa. Mun yi dariya har Umma ta ƙware. Wannan makon ba mu je asibiti ba, malamar gashi ta yi tafiya, Umma ta ce ai ta huta.

Sauran bayani yana cikin doguwar da na aiko maka. Sai na ji daga gare ka.

Balbela

*

Daga tasha,
9 ga Afrilu.

Balbela,

Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Yau da hantsi aka miƙo mini 'yar takardarki.

Albishir? Farce ya koma shuɗi, gindinsa ya yi baƙi, biyu sun fita da kansu, ke kuma kina dariya? Ke da kika yi shekara uku a shagon magani? Bara a jirgin nan igiya ta matse hannun wani abokin aikina. Da idona na ga faratansa sun yi shuɗi, suka yi baƙi, suka zube. Kafin mu kai tasha sai da aka yanke masa yatsu biyu. Jini ne ba ya zuwa, Balbela! Kuma a hakan kika biye mata kuka ƙi zuwa asibiti. Mara lafiya ta ce ta huta, mai jinya ta ce to.

Kin ce akwai wata doguwar wasiƙa. Ban ga komai ba, ba na kuma jin akwai bayanin da zai wanke wannan.

Na roƙi wayar ofishin tasha. Lambar da ke kaina ta Baffa Direba ce kawai, don shekara ashirin bai canza ta ba. Minti biyu muka yi layi ya yanke, amma ya ji ni. Na ce gobe-gobe ya je ya kai Yaya asibiti, daga can ya wuce da ita gidansa matarsa ta riƙe ta. Ke ki koma shagonki. Laifina ne da na ɗora wa yarinya kayan da ya fi ƙarfinta, na zaci girman jiki shi ne hankali.

Da asuba za mu tashi, sati biyar ba tasha, ba waya, ba wasiƙa. In wani abu ya sami hannun Yaya, ban san da wane ido zan dube ki ba.

Kawunki

*

Daga gida,
26 ga Afrilu.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Umma lafiya, yatsunta goma cif, kowanne da jininsa. Na fara da wannan don ka samu numfashi kafin ka karanta sauran.

Wasiƙarka jiya ta iso, amma Baffa ya riga ta da sati biyu. Ranar da hantsi muna zaune a bakin taga, na gama manna wa Umma sababbin farata na shafa ruwan ƙyalli ke nan, sai ga ƙarar motarsa. Ya shimfiɗa katifa a baya, ya taho da matarsa da wani ƙaton bargo. Ko sallamar kirki bai yi ba ya faɗo ɗakin yana haki, "Ina hannun? Mu ga hannun!" Ya kai hannu zai kama, Umma ta daka masa tsawar da ban ji irinta ba tun kafin ciwon: "Kar ka taɓa! Bai bushe ba!"

Baffa ya tsaya cak. Ya sunkuya ya duba. Ruwan ɗorawa ne ranar, da 'yan ƙananan ganye kore a gefe. Ya ce, "An ce mini shuɗi ne." Umma ta ce, "Shuɗi na watan jiya ne, ka makara."

Na ɗauko kwalin da nake jera tsofaffin, na nuna masa shuɗin. Teku na zana mata, Kawu. Yadda ka kwatanta, haske a kusa, duhu a nesa. Da soso na yi ta dangwala launi uku har suka narke cikin juna. Biyun da suka fita gam ne ya yi kaɗan. Matar Baffa ta zauna a bakin gado tana dariya har da hawaye.

Shi Baffa bai yi dariya ba. Ya ce ko ma mene ne, magana ya ɗauka daga bakinka, sai ya cika. Ya ce ɗakin warin sinadari yake, mara lafiya magani take bukata, ba a mayar da ita 'yar tsana ba. Ya ce wa matarsa ta haɗa kayan Umma. Matar ta miƙe ta buɗe durowa. Ni kuwa na tsaya jikin bango, ban san me ka ji ba balle in kare kaina.

Sai Umma ta ce, "Direba, zauna." Ya zauna. Ta ce in miƙo faranti. Ta ɗora hannun hagu a cinya, ta jawo na dama da kanta, ba tare da ta tallafe shi ba. Ta sa babban yatsa da manuni ta kama farcen ɗan yatsan hagu. Ya suɓuce. Ta sake. Ta cire shi ta ɗaga, hannun na karkarwa, ta kai shi har kan farantin ta ajiye. Ta koma ta ciro na biyu, ta ciro na uku. Ruwan ƙyallin da take ta karewa duk ya dame a yatsunta, ba ta kula ba. Da ta gama ta dube shi ta ce, "Ran da ka kawo ni daga asibiti, kai ka ɗora wannan hannun a cinyata don kar ƙofar mota ta datse shi. Ka tuna? To ba ƙwallonsu ne ya tashe shi ba, wannan 'yar ce da shirmenta. Ka mayar da katifarka."

Baffa ya cire hula ya share fuska da ita. Duk da haka sai da ya kai mu asibiti don ya fita haƙƙinka. Likita ya duba ya ce jini na gudu lafiya, ya ce dai mu riƙa buɗe taga in ina shafawa, mu kuma bar faratan su sha iska kwana biyu a mako. Matar Baffa ba ta bar gidan nan ba sai da na yi mata ja mai ɗigon zinare.

Yanzu saura ni da kai. Na sake karanta 'yar takardar tawa a raina, na ga yadda za ta faɗo wa wanda bai ga ta farko ba. Wannan kuskurena ne, ka yafe mini sati biyar ɗin da na ja maka. Amma Kawu, ka ce ka zaci girman jiki ne hankali. Wata uku ina juya ta, ina yi mata wanka, ina sanin numfashinta daga kicin. Da ka yi zaton takarda ce ta ɓata, kafin ka yi zaton ni ce na lalace. Ban nuna wa Umma wasiƙar ba, don in ta gani kai za ta ci.

'Yarka duk da haka,
Balbela

*

Daga tasha,
20 ga Mayu.

Balbela 'yata,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Yaya, ina gaishe ki, gaisuwar mai laifi.

Sati biyar ɗin nan ba na fatan maƙiyina ya yi irinsu. Na rame har mai dafa mana abinci ya fara zuba mini kashi biyu yana tsaye a kaina. Muna isowa ban jira an gama ɗaure jirgi ba na nufi ofis. Wasiƙu biyu aka ba ni, ta ashirin da shida ga Afrilu, da doguwar nan ta Maris wadda ta yi yawon tashoshi uku tana nemana. A tsaye na karanta su. Da na zo wurin "Bai bushe ba" na yi wata irin dariya, ma'aikacin ofis ya miƙo mini ruwa, ya zaci kuka nake. Ban ce masa ba daidai ya gani ba.

Ki yafe mini. Ba zan ce tsoro ne ya sa ba, ko da yake shi ne. Na faɗi maganar da ba ta dace da ke ba, na kuma aika a ƙwace miki uwa. Ni na ce ki yi abu ba daidai ba a gabanta, amma ko a mafarki ban hango inda za ki kai shawarar ba. Hankalin da na ce babu, ya fi nawa.

Yanzu bari mai fenti ya yi magana da mai fenti. Na warware audugar nan, na aro gilashin ƙara girma na injiniyanmu. Balbela, na ƙirga ɗigo sittin da ɗaya a kan abin da bai kai ƙwayar wake biyu ba, kuma babu wanda ya taɓa ɗan'uwansa. Na tsakiya manya, suna ƙanƙancewa zuwa gefe, daidai yadda suke a jikin zabuwar. Shafin ƙasan ma lafiyayye, ba tudu ba kwari, ba sawun buroshi. Shekara ashirin da biyu ina wannan sana'a, na san hannun da ya nutsu in na gan shi. Farcen ya zaga jirgin nan kaf, har kyaftin ya sa tabarau ya duba. Wani ya rantse inji ne ya buga, na ce injin 'yar yayata ce.

Na ce bari in gwada. Na samu tsinke da farin fenti na zauna da kan wani ƙaton noti. Abin da ya fito, mai dafa abinci ya ce kamar tsuntsu ya yi kashi a kai. Na jefa shi ruwa kafin wani ya gani.

Abu ɗaya zan iya ƙara miki, maganar faratan da ke fita da kansu. Fenti da gam halinsu ɗaya, ba sa kama wuri mai santsi ko mai maiƙo. Ki ɗan goga cikin na robar da samfefa mai laushi, nata kuma ki goge man da ke kai kafin ki manna. Amma kar ya kama da yawa, kar mu ba Yaya aikin da ya fi ƙarfin yatsan.

Na shiga gari na sami shagon masu zane, na sayo miki buroshi uku, mafi sirantar da suke da su. Suna cikin wannan ambulan, na ɗaure su a jikin kwali. Ki huta da aske na kwalliya.

Shafi nawa kike yi kafin zane? Kuma me kike yi ɗigon ba ya bajewa? Tambayar gaske nake yi.

Kawunki mai fenti

*

Daga gida,
14 ga Yuni.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya ƙiba, ina fatan ta dawo? Komai ya wuce, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Buroshi sun iso lafiya, na ƙaramin har tsoron taɓa shi nake. Amsarka: shafi biyu, sirara, kowanne sai ya bushe sarai. Ɗigo kuma sai ka bar launin ya ɗan yi kauri a kan takarda kafin ka dangwala, kuma ka riƙe numfashi.

Shekaranjiya muka koma ganin babban likita. Ya gwada hannun ta kowace fuska, ya yaba sosai. Sannan ya ajiye biro ya gaya mana gaskiya. Yatsu uku sun dawo, za su ƙara ƙarfi. Biyun ƙarshe kuwa, ƙaramin da na kusa da shi, ya ce da wuya su sake miƙewa, mu sa rai kaɗan. Umma ta ce, "Na sani, likita. Tun wata biyu na sani, ita ce ban so ta ji ba." Ni ɗin da nake zaton ni ke ɓoye mata abubuwa.

Muka fito. Na ce bari in tsayar da tasi, ta ce a'a, bas za ta hau kamar kowa. Muka zauna a bencin tasha. Raina a jagule, ina ta tunanin ko da na fara da wuri, ko da na matsa mata tun satin farko. Ranar fararen furanni na yi mata a kan ruwan hoda, da sabon buroshinka, kowane fure ganye biyar. Na biyun da suka lanƙwashe sai da na kwanta a ƙasa na auna, sannan na zana su daidai yadda za su fuskanci sama in ta ajiye hannun.

Wata mata ce kusa da mu, ƙatuwa mai fara'a, da jakar kayan miya a ƙafarta. Ba mu san ta ba. Ta yi ta satar kallo, can ta kasa haƙuri. Kafin in ankara ta cafko hannun Umma, na daman, ta ɗaga shi sama tana juyawa a rana. "Kai! Baiwar Allah, wa ya yi miki wannan? A wane shago? Ji furanni kamar a tsinka!" Na yunƙura zan ce ta saki, Umma ta taka mini ƙafa.

Matar ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, har na lanƙwasassun, tana ta santi. Ta kira wata ƙawarta daga can gefe ta zo ta gani. Umma ta bar mata hannun, ta gyara zama, ta ce, "Ba shago ba ne, 'yata ce, ga ta nan. A gida take yi. Amma sai kin yi haƙuri da layi, kuma ba a zo mata da datti a farce." Ta kwatanta musu gidanmu tiryan-tiryan, ta ce su zo ran Laraba bayan azahar. Ko shawarata ba ta nema ba.

Bas ɗinsu ya riga namu zuwa, suka tafi suna ɗago mana hannu. Umma ta mayar da hannun kan cinya, ta daɗe tana kallonsa. Na zaci maganar likita ce ta dawo mata, na fara haɗa kalmomin da zan ba ta haƙuri. Sai ta juyo, idonta ya ciko, bakinta kuma yana murmushi, ta ce, "Balbela, kin gani? Ba ta ma lura ba."

Tana gaishe ka. Ta ce in gaya maka ka ci abinci.

'Yarka,
Balbela